Katantanwa da Kwalba

A Londrina, bayan tsofaffin rumbunan kofi,
inda jar ƙasa ke rina bakin wando,
akwai wani gareji mai yoyon rufi.
Can na tura Chevette ɗin da mahaifina ya bari.

Kuɗina na abu ɗaya ne.
Sau uku na ƙirga su a kan bonet,
ba su haihu ba.

Cleide ce ta fara magana, 'yar mai garejin,
baƙin mai har gwiwar hannu.
Ta dire shuɗiyar kwalba a kan benci,
tana shafa ta kamar kyanwa.
"Naitro," in ji ta. "A ɗaura yau, ka tashi gobe.
Maɓalli ɗaya ƙarƙashin babban yatsa.
Ka danna, kujera ta naushe ka a gadon baya,
daƙiƙa goma duniya taka ce."
Na ce, bayan goman fa?
Ta ɗage kafaɗa.
"Wa ya tambaye ka abin da ke bayan layi?"

Tsoho Valdomiro bai ce uffan ba tukuna.
Yana kan kujerar mota da aka cire tun tuni,
siririn tiyo a hancinsa,
tulun iskar asibiti tsaye a gefe kamar ɗan rakiya.
Shekara arba'in ta fenti da hayaƙi
sun ci rabonsu a ƙirjinsa.

Da bakin sifana ya nuna min kanta.
Wata katantanwar ƙarfe ce a kwance, ta yi ƙura.
"Turbo," ya ce, ya tsaya ya ja numfashi.
"Ba ta roƙon kowa.
Hayaƙin da inji ya tofar, shi ke juya mata farfela,
ita kuma ta ɗura masa sabuwar iska.
Abin da aka zubar, da shi take ciyarwa.
Sai dai tana da nawa.
Ka taka totur, ta yi kamar ba da ita kake ba,
ɗaya,
biyu,
sai allura ta haye dubu uku,
sannan ta yi fito.
Fushin mai haƙuri ke nan, Jurandir."

"Fushin zai ci masa albashin wata huɗu, Baba.
Bututu, sabon kuloci, wannan, wancan.
Kafin ta gama shawara na sha ruwa a can ƙarshe."

Ya miƙa hannu ya ɗauko wani fistin
mai huda a ka, inda yake tara ƙananan notuna.
"Aikin kwalbarki."
"Katantanwarka ta huda biyu," ta ce, "ni na zubar."
Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari,
muka tsaya muna jira ya dawo.

Da ya dawo, sai ya ƙwanƙwasa tulunsa da farce.
Ƙarar ta fito siririya.
"Ni na san numfashin kwalba.
Yana da daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba.
Amma idonka ba ya barin ma'auni."

Na ɗauki katantanwa.
Wata huɗu ina cin wake ba nama.

Ranar tsere, fitila ta yi kore,
Cleide ta wuce ni da tsawon mota biyu.
Ina ganin bayanta lokacin da tawa ta tuna da ni,
ta yi fito, ta manna ni da kujera,
layi kuwa ya riga ya zo.
Na sha kaye, babu tantama.

Da yamma ta zauna tana auna kwalbarta a sikeli,
tana lissafin kuɗin sake cikawa.
Ni kuma na bi ta gaban garejin a giya ta biyu,
na taka, na jira,
ɗaya,
biyu.
Ban waiwaya ba,
amma a madubi na ga sifana ta ɗago sama.