Barcin Nono

Kwana tara ke nan Mannir bai ce Inna ba.
Babur ya yar da shi a Ƙofar Marusa,
hular kwanon tana rataye a zaure,
sabuwa fil, ko ledarta ba a ɓare ba.

Sun aske masa rabin kai,
sun bi shi da zare kamar gyartai ya bi ƙwarya.
Bakinsa ya koma hanci:
siririyar roba ce ke kai masa kunu.

Na zo jinyar kai, sai ciki ya tayar da bori.
Zani shida na wanke tsakanin isha'i da asuba,
na shanya a wayar bayan ɗakin maza.
Likita ta ce allurai masu ƙarfi
ba sa tambayar wane ne ɓarawo, wane ne mai gida;
sun share hanjinsa tas,
kamar kasuwar da aka tasa.

Ran Laraba ta shigo da 'yar takarda,
ta farke, ta zazzage gari a ruwa.
Na ce, ranki ya daɗe,
kai ne ya fashe, me ya kai mu ciki?
Ta ce, Inna, ciki da kai ba sa gaba,
abin da ya sami ɗaya, ɗayan na jin labari.
Wannan garin da rai yake,
ƙananan halittu ne, ido bai ganinsu,
za mu mayar masa da maƙwabtan da ya rasa.
Ban ce zai farkar da shi ba.
Muna dai fata hanji ya lafa,
zazzaɓi ya rasa ƙofar shiga.

Sai na yi dariya, ta farko tun ranar.
Yarinya, ni za ki koya wa?
Shekara talatin ina kai kindirmo Kasuwar 'Yar Kutungu.
In na tafasa madara ta huce,
ludayi guda na nonon jiya nake zubawa,
in rufe da faifai, in kau da kai.
Ba a leƙawa. Ba a girgizawa.
Da safe ka tarar ya yi barci.

Na ce to gobe in kawo nawa?
Ta riƙe hannuna: a'a, Inna, ba yanzu ba,
jikinsa ba shi da ƙyaure.
Wannan an auna, an san sunan kowa a ciki.
Na ji zafi. Na haɗiye.
Ƙwaryar da ta biya kuɗin makarantarsa
ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

Yau zani biyu kawai na wanke.
Ban san ko garin ne ba, ko lokaci, ko addu'ar mutane.
Ɗazu da na goge masa tafin ƙafa
babban yatsa ya noƙe,
ko kuwa idona ne.

Ya Mai rayar da abin da ba a gani,
a sana'ata barci shi ne nunar abu.
Na zuba, na rufe, na kau da kai.
Amma wannan ƙwaryar, Ka gafarce ni,
ina leƙa ta
sau ɗari kafin asuba.