Ba Gyambo Ba Ne

Sun zura mini igiya mai ido ta maƙogwaro,
ni da na shekara talatin ina ɗaure igiyar jiragen fito a Uskudar.
Da na farfaɗo, Likita Gulizar ta juyo mini hoton:
tumbina jajir, sumul, kamar cikin kankana.
"Babu gyambo, Nevzat."
To wa ke hura gawayi a ƙasan ƙirjina bayan la'asar?
Me ya sa loma huɗu ke zame mini dutse?

Ta ɗauki biro, ta hau ni da tambaya kamar ɗan sanda.
Shayi kofi nawa?
Mai shayin tasha ke rubuta bashin, sha huɗu, in ji shi.
Taba?
Na dubi takalmina.
Ƙwayar ciwon gwiwa fa?
Biyu da asuba, ciki wayam.
Ta ja layi a nan, har biro ya huda takarda.

Ta ce wani sa'in ƙwayar cuta ce ta tare a bangon ciki,
za a auna numfashina a gani.
Wani sa'in tsakuwa ce a matsarmama.
Akwai tumbi malalaci, mai riƙe abinci
kamar jirgin da hazo ya hana tashi,
akwai kuma mai saurin fushi,
abin da bai kai ya kawo ba sai ya kai ƙara.

Sai ta ajiye biro.
"A ina kake cin abinci?"
A tsaye, bakin ruwa,
tsakanin jirgin bakwai da na bakwai da kwata:
burodi, soyayyen kifi, ɗanyar albasa,
ina haɗiya kafin tsuntsayen teku su wafce.
"Da dare fa?"
Gaban firji. A tsaye.
"Ba ku da tebur?"

Akwai tebur.
Sukran ce ta zaɓe shi, da kujeru biyu.
Tun ranar da ta kama hanyar Rize da akwati ɗaya
akwai maganar da na haɗiye ban tauna ba.
Wannan kam idon igiyarsu bai hango ta ba.

Yau na jawo kujera.
Ta yi ƙara, ta manta da ni.
Miyar wake, rabin kwano, shayi guda, tsararo.
Ina tauna a hankali kamar tsohuwar akuya,
wayata a gefen cokali, fuskarta sama.
Jirgin tara ya yi kuka a teku.
Na yi gyatsa.
Ban kira ba tukuna.