Alif Ɗaya

Sana'ata neman kuskure.
A wata maɗaba'a a Fagge nake wuni da jan biro,
ana biyana in kama abin da idon wani ya tsallake:
katin ɗaurin aure, kalanda, takardar magani.
Ko na tashi daga aiki, idon ba ya tashi.

Ran da aka raba kayan kakana, Malam Ilu,
gafakarsa ce ta faɗo a rabona.
Shekara uku ya yi yana rubuta ta a zaurensa na Alfindiki,
baƙi na tawada, wasali na ja,
warƙa a kan warƙa, ba ɗinki.

Da na bar ta a rataye da na huta.
Sai na jera ta da bugun da Yaya Barira ta zo da shi daga Makka,
yatsa ɗaya nan, yatsa ɗaya can.
Tun shafin farko na tsaya.
Can an ja harafi, nan ba a ja ba.
Can ma'anar mamallaki, nan sarki.
Alif ɗaya, bai kai tsinken sakace ba,
ya tokare min ƙirji.

Na ƙara gaba, na iske inda reza ta bi,
takardar ta yi sirara har fitila na leƙowa.
Wani wurin sadara guda ta ɓace,
an cusa ta a gefe, a karkace,
kamar wanda ya makara ya raɓa ƙarshen sahu.

Azumi ya zo ya same ni a haka.
Malamin wannan tasha ya ce ayar gabas ta nufa,
na murɗa rediyo, na gaba ya ce a'a.
Na yi sallah, amma ina gyara limami a zuci.
Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa?

Gwani Tanimu na Ƙofar Mazugal ba ya gani.
Na ce zan karanta masa, ya ce bismilla.
Da gangan na haure sadarar nan.
Ban kai ga sauke numfashi ba ya buga sandarsa:
"Koma. Ka bar wani abu a baya."

Na faɗa masa komai, murya na rawa.
Ya yi dariya har da tari.
"Ilu ai ni na kama shi, da kunnen nan.
Kwana biyu bai ci tuwo ba.
Hannu na mutum ne, yaro, yana gajiya.
Alif ɗin kuwa, duka biyu aka ji, duka biyu aka riƙe,
baki ya ba kunne, kunne ya ba baki.
Sarkin da bai mallaka ba, ina sarautar?"

Na ce, masu tafsirin fa?
Ya yi shiru. Mai kunun tsamiya ta wuce da tallarta.
"Wannan ni ma ina tambaya," ya ce.
"Shekara saba'in. Ban fasa alwala ba."

Ban dawo gida da amsa duka ba.
Da asuba na buɗe warƙar nan mai sirara,
na ɗora yatsa inda kakana ya kankare kansa.
Jan biron yana aljihu.
Na karanta da jan harafin,
na sake karantawa ba ja,
aka tayar da iƙama, na miƙe.