Tikitin Tsibiri

Gindin gawo na kafa teburina,
bakin tabkin Madarunfa.
Littafin tikiti biyu gare ni:
shuɗi na baƙo, fari na ɗan gida.
Baƙo jika biyu.
Ɗan gida dala ashirin, ita ma sai an yi ciniki.
Mai babbar kyamara ya ƙaro dala ɗari.
Kuɗin kwalekwale ku shirya da Ɗanjimma,
shi bai san rasit ba.

Ran Lahadi mota ta tsaya, lambar Kwatano.
Dattijo ya sauko, takalmi na ƙyalli,
Hausarsa ta sha gishirin teku.
Na yage shuɗi tun bai gama sallama ba.

Ya miƙa haɓa wajen tsibirin:
"Tsamiyar can tana nan ashe.
Gindinta aka binne cibiyata.
Shekarar da ruwa ya janye,
uwata Tasalla ta shuka dankali har bakin saiwarta."

Biro ya tsaya mini a hannu.
Ofishin magajin gari bai buga mini
takardar wanda ya tafi ya dawo ba.

Balbelu suka gifta bisa kanmu,
ba wanda ya tambaye su garinsu.

Ya ajiye jika biyu, ya danne da tsakuwa.
Na ce, "Baba, naka dala ashirin ne."
Ya ce, "Riƙe, yaro.
Shekara talatin ban leƙo ba,
wannan tara ce."

Da magariba, wajen lissafi,
na juya bayan guntun shuɗin
na rubuta: ɗan Tasalla.