Ƙafa ta Bakwai

Ruwan Corwen bai ɗauke ba tun Talata.
Ina rumfar bayan gida, shayina ya huce,
injin ɗab'i na ta saƙarsa a kan teburi,
zaren roba na narkewa, layi bisa layi,
kamar zanzaro mai ginin ɗaki da yawu.
Awa tara kafin ƙafa guda ta kai ga miƙewa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ƙarƙashin manyan jirage,
giris har gwiwar hannu, guduma ta san tafina.
Yau kan jirgin nawa bai fi kyanwa tsawo ba,
dogonsa ya zaga lambu, ya bi ta gindin tuffa.
Amma ƙafa ƙafa ce:
taya huɗu, aksul biyu, ɗan inji a tsakani.
In ta ƙi, duk abin da ta ɗauka sai tsayawa.

Jikata Mabli ta koya mini zane a kwamfuta.
Ja nan, Kaka. Danna can. A'a, ba can ba!
Hannun da ke rawa in ya ɗauki cokali
ga shi yana jan layi siriri kamar gashi,
ba ko karkacewa.

Ga shida can jere a bakin taga.
Ta fari, boris ya ƙi raminsa, na buga, ta tsage.
Ta biyu, haƙoran giya suka cije juna,
ta yi ta kuka har karen maƙwabci ya amsa.
Ta uku ta ɗau zafi, ta yi laushi kamar alewa a aljihu.
Ta huɗu, a bar kaza cikin gashinta.
Ta biyar da ta shida kuwa, wallahi ba su da makusa:
na auna, na sake aunawa, ko numfashi ba ya ratsa su.
A kan teburi gudu suke kamar ruwa.
A lambu, da sun iso kwanar tuffa,
sai gocewa.

Na zagi dogo, na zagi roba, na zagi ruwan sama.
Mabli ba ta ce uffan ba.
Ta kwanta rub da ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa,
kunci a ƙasa, ido ɗaya a rufe,
ta ce, sake turo shi.
Can ta ce, Kaka, taya ɗaya a iska take tafiya.
Saiwa ce ta ɗaga dogon, kaurin kwabo bai fi ba.

Na ce a miƙo mini zarto.
Ta ce, itacen da Kaka Eluned ta dasa?
Na mai da zarto ƙusarsa.
Muka yi shiru, ganye na ɗiga mana a wuya.

Ni da na ƙare ƙuruciya ina ɗaure noti tamau,
daren nan na zauna na zana sako-sako da gangan:
aksul na gaba ya hau bisa ƙusa ɗaya,
ya riƙa rangaji, hagu, dama,
rabin milimita na bar masa, ya sha iska.
Yatsana ya daɗe a kan madanni kafin ya yarda.

Da asuba na ɓamɓaro ta, da sauran ɗuminta.
Na kankare gemunta da wuƙa, na zura waya ja da baƙa,
ɗigon mai a kowane boris, batir a tarago.
Mabli ta fito da rigar barci da takalmin ruwa,
ta ɗauke wata katantanwa daga kan dogo,
ta ɗora kofin shayina a taragon baya,
ta ce, Idwal Prosser, ba ka hanya.

Ya wuce tulin taki. Ya wuce gadar katako.
Ya doshi tuffa, na daina numfashi.
Ƙafar ta ɗan sunkuya, kamar mai gaida babba,
ta hau saiwar, ta sauka, taya huɗu na ƙasa.
Shayin ya yi tangaɗi, ya leƙa bakin kofi,
ya koma.