Jan Salatif

Shekara shida Kawu Nomau ya yi a Dubai.
Ranar da ya sauka a tashar Tawa
dangi sun je da amalanke biyu.
Ɗaya ta dawo wayam,
ɗaya ta ɗauko jaka mai tsinkakken hannu.

Aka zazzage ta a tabarmar Inna:
riga uku, kwalbar turare, takardar asibiti,
ƙwallon tanis mai gashi kamar ɗan tsako,
da jan salatif irin na masu gyaran wuta.
Inna ta ce, "Shi ke nan?"
Ya ce, "Shi ke nan."
Ba ta ƙara ba. Ta tashi ta dama masa fura.

Mu yara muka ci tsarabar.

Bayan la'asar, bayan rumbun albasar Arzika,
ya zauna kan turmi yana naɗi.
Babban yatsansa na dama ba ya lanƙwasuwa,
sai ya ciji bakin salatif, ya ja, ya zagaya,
ya ja, ya zagaya,
har ɗan tsako ya rasa gashinsa,
ya fito jajir, sumul, da tauri kamar goruba.

Ya ce sunan wasan kurket.
Mu kurkutu muka ji.
Ilu ya kama kiɗa a kan cikinsa,
sunan ya zauna har yau.

Katakon tsohon gadon Kaka ya zama sanda,
bulo uku a tsaye, da kara a bisa.
Dokar da Kawu ya manta, mu muka ƙera ta:
wanda ya buga cikin gidan liman ya fita,
kuma shi zai je ya yi sallama.
Wanda ya sami akuya, maki biyu,
in dai mai akuyar ba ta gani ba.

"Kar ka naɗe hannu! Miƙe shi!
Kawo shi ta bayan kunne!"
Agali ya yi wata guda bai iya ba.
Tsahara, da aka aika sayen gishiri,
ta ajiye canji a ƙasa, ta ɗaure zani,
jifa ɗaya, kara ya tashi sama.
Miyar gidansu ta kwana lami.

Sirri ɗaya ya ɓoye sai da damina ta kusa:
a ɓare salatif a gefe guda,
rabi gashi, rabi santsi.
Ƙwallo ya taho kamar zai gaishe ka,
ya kauce a iska kamar mai bashi ya hango mai kanti.
Muka ce tsafi ne.
Ya ce, "Nadim ne.
Ran Juma'a, tsakanin motocin ma'aikata,
shi ya koya mini, ba da baki ba.
Ya iya sannu. Iyakar Hausarsa ke nan."
Muka ce ina yake yanzu?
Ya duba waya. "Lambar ba ta shiga."
Ya ce Ilu ya koma gurbinsa.

Salatif ya yi ta ramewa
har ya rage zoben kwali.
Muka gwada leda, muka gwada robar tayar keke,
ƙwallo ya ƙi jin magana.
Da kaka ta wuce Kawu ya sake ɗaure jakar nan,
wannan karon arewa ya nufa.

Yau ni ke gyaran wuta a Yamai.
Jiya ina kan tsani a wani gida a Talaje,
waya biyu tsirara a gabana,
na tsinci salatif a tsakanin haƙorana,
ina ja, ina zagayawa.
Mai gidan ya ce, "Ba ka da almakashi?"
Ina da shi a aljihu.
Yatsuna kuma lafiyarsu lau.