Wasan da Mudassir Bai Ƙarasa Ba

A cikin buhun riɗi ta kawo ta,
naɗe da tsohon mayafi,
kamar mai kai jinjiri asibiti.
"Ta yayana ce," in ji Mahasin.
"Daga Omdurman muka taho da ita.
Shi bai taho ba."

Ban tambaya ba.
Shekara sha ɗaya a wannan rumfa,
bayan masu gawayi, a kasuwar Gadarif,
na koyi cewa ƙusa ake kwancewa,
ba bakin mutum ba.

Ƙusa shida, ɗaya ta cije.
Na buɗe cikin na'urar wasan:
ƙwayayen kyankyaso, yashi,
ɓawon gyaɗa guda, Allah kaɗai ya san ta inda ya shiga.
Fankar ta sandare.
Tsatsa ta ci ƙafar waya
yadda gara ke cin azara, daga ciki, ba sallama.

Ina da kwali ƙarƙashin tebur,
maƙabartar irinta.
Waccan ta ba da fanka,
wannan ta ara mata idon da ke karanta faifai,
wata da ruwan bara ya kashe
ta bar gadon madanni biyu.
Matattu uku suka haɗa wa ɗaya numfashi.
Na goge da burushin haƙori,
na ɗiga dalma,
hayaƙin ya sa ni hawaye, hayaƙin ne kawai.

Sai aka ɗauke wuta.
Muka zauna.
Sittana mai jabana ta aiko da kofi biyu, citta ta yi yawa.
Yarinyar tana murza linzamin wasan a cinyarta,
inda babban yatsan wani
ya sa robar ta yi sulɓi.

La'asar sakaliya wuta ta dawo.
Allon ya yi shuɗi, ya yi baƙi,
ya yi tari irin na tsoho,
sannan ƙaramin katin ajiya ya buɗe baki:
MUDASSIR, mataki na tara, saura rai ɗaya.
Ga ɗan mutum tsaye a bakin gada,
ƙafa ɗaya a sama,
tun ranar da aka ce kowa ya ɗauki abin da zai iya.

"In goge, ki fara sabo?"

Ta girgiza kai.
Ta buɗe wani gurbi a ƙarƙashin nasa,
ta rubuta sunanta harafi-harafi,
ta faɗa rami tun a tsallen farko,
ta yi dariya, ta toshe baki.

Kuɗin gyara fam kaza ne, na faɗi rabi.
Ta ƙirga, ta mayar da na'urar cikin buhu.
A ƙofa ta juyo:
"Wancan na bakin gadar, ba zai gaji ba?"

Na ce, irinsu ba sa gajiya.
In dai ba a jiƙa katin ba,
zai jira.